Ranar da Idanuna Suka Kasa Bin Kwalekwale

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

Har yau in na ji ƙanshin soyayyen kifi, sai in ga kaina a bakin kogi a Argungu. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Na tsaya kallon wani kwalekwale da ke tafiya a hankali, sai idanuna suka kasa binsa. Su tsaya, su yi tsalle su kamo shi, su sake tsayawa. Mai suyar kifi ta ce, "Ɗiyata, mi kike biɗa cikin ruwa?"

Abin ya biyo ni gida Birnin Kebbi, har cikin ƙungiyar mawaƙa. Hannun mai ba da waƙa ya riƙa ɓace mini, layin littafi yana zamewa. Ƙarar fanka da kukan akuya da muryar Mama duk suka zama ɗaya a kunnena. Ba wanda ya damu, domin tun ina ƙarama aka san ni da zurfin tunani. "Rahila ta tafi duniyarta," in ji su, ana dariya. Ni kuwa na san hankalina ne ke zurarewa.

Da na fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, wasu dattawa suka ce aljanu ne, a ɗaure ni a yi azumi.

Wata safiya Baba ya durƙusa kusa da ni. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ya Yesu, na kasa kallonka, kai ka dube ni." Baba ya miƙe ya ce, "Ba mai ɗaure mini 'ya. Sa takalminki."

A asibitin Sakkwato likita ya riƙa motsa biro a gaban fuskata yana lura da idanuna. Ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma an zo da wuri. Har yau ina shan magani, idanun ma ba su daina tsalle ba. Amma muryoyin sun yi shiru, na gama karatu, ina koyarwa. Na gode wa Ubangiji! Ku dogara gare shi, ku kuma kai marasa lafiyarku asibiti ba tare da jin kunya ba.

Sai bayan rasuwar Baba Mama ta gaya mini yana da ƙane a ƙauye mai irin ciwona. A ɗaure a turke ya mutu, kuma Baba ne ke kai masa abinci.