Gurasar da Na Hana Malam Yohanna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda aka gicciye, ya kuma tashi da rai.

Yawancinku kun san ni, Baba Markus kafinta na Sabon Gari. Shekaru da yawa ni ke zagayawa da tiren gurasa ranar Jibin Ubangiji. Karatuna bai yi zurfi ba, amma na kafe a kan abu ɗaya, wai wanda Allah yake tare da shi ba ya shan wahala. In ciwo ya daɗe a jikin mutum, sai in ce akwai zunubin da ya ɓoye.

Akwai Malam Yohanna, mai gadin wani gidan ɗalibai a Samaru, da gyambo a ƙafarsa wanda ya ƙi warkewa. Ni na mai da shi bencin baya. Wata Lahadi ya miƙo hannu zai ɗauki gurasa, na janye tiren na wuce. Kowa ya gani.

Bara ɓarin jikina ya shanye. Hannun da ke jan zarto ya kasa riƙe cokali. Hukuncin da na yanke wa wasu ya dawo kaina, na ce Allah ya yashe ni. Na daina zuwa sujada, na hana matata Rifkatu buɗe wa kowa ƙofa.

Ranar Juma'a Mai Kyau da rana, sai ga fasto ya kawo mini Jibi, Malam Yohanna na biye da shi yana ɗingishi. Rifkatu ta shigo da su ba ta tambaye ni ba. Na juya fuskata bango.

Yohanna ya ce, "Baba, tun daga Samaru keke napep ke jijjiga mini ƙafar nan. Ba ƙeyarka na zo gani ba."

Na ce, "Ban cancanta ba. Dubi yadda Allah ya mai da ni."

Ya ce, "To shi Ubangijin fa? Da ya tashi cikin ɗaukakarsa, ai bai ɓoye gurbin ƙusa ba, nunawa ya yi. Kai kafinta ne, ka san abin da ƙusa ke yi wa katako, balle tafin hannu. Ko shi ma zunubi ya ɓoye?"

Nan na fashe da kuka. Na yi addu'a da karkataccen bakina, na ce Yesu, na so rawaninka, na raina gicciyenka, ka gafarta mini. Na roƙi Yohanna gafara. Da hannuna ya kasa ɗaukar gurasar, shi ya sa mini a baki.

Yau da ƙafata na shigo nan. Halleluya! Hannun nawa bai gama dawowa ba, gyambonsa ma yana nan, amma kunya da tsoro sun rabu da ni. Jibi mai zuwa mu biyu za mu riƙe tiren, shi gefe ɗaya, ni gefe ɗaya, kuma daga bencin baya za mu fara.

Godiya ga Ɗan Ragon da aka yanka dominmu, wanda yanzu yake mulki. Mai ciwo a cikinku, kada ka ɓuya. Ka dogara gare shi, ka miƙo hannu. Amin.