Ƙarafan da suka haɗa hanjin Baba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara daga Kagarawal, kuma yau da albishir na zo.

Mahaifina manomi ne. Bara ya yi wata huɗu abinci ba ya zama a cikinsa, ko kunu ya sha sai ya amayar. A asibiti aka gano hanjinsa ya toshe, dole a yanke wurin a haɗa sauran. Likita ta ce ba da zare za a haɗa ba, da wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne da za su zauna a ciki.

Baba ya ce, "Ƙarfe a cikina? In ya yi tsatsa fa? Ku mai da ni gida."

Na roƙe shi har da kuka, ya ƙi. Sai na kira maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, tsohuwar nas. Ta zauna kusa da gadonsa ta ce, "Malam Buba, irin wannan ƙarfen ba ya tsatsa. Ni ma yana cikina tun aikin da aka yi mini, ga ni kuwa har daka nake yi."

Washegari ya yarda, aka yi aikin lafiya. Yanzu malmala biyu ta tuwo yake cinyewa, kuma da kansa ya yi roron wakensa bana.

Jama'a, in maganar likita ta ba ku tsoro, ku tambaya, kada ku gudu. A gaishe mini da Mama Rifkatu. Baba ya ce buhun farko nata ne.