Rakin Maigida Zai Kai Ƙasashen Waje

A benci, ƙofar ɗakin tiyata, wata dattijuwa ta dubi matashiyar da ke ta murza bakin mayafinta.

"Wa aka shiga da shi, 'yata?"

"Maigidana, Mama. Ba aikin nake tsoro ba, zafin da zai biyo baya."

"Kwantar da hankalinki. Tsohona, aikinsa na farko ihu ya yi har masu gadi suka leƙo. Jiya aka sake yi masa, yana farkawa shayi ya nema."

"Me ya canza?"

"Nas ta ce yanzu suna tambayar kowa yadda zafin ya kai, su haɗa da bayanan asibitocin wasu ƙasashe. Abin da ya sauƙaƙa wa mutane can, sai a gwada nan."

"Ashe duniya za ta ji rakinsa!"

"Ba a sa suna."

"Kash! Da sun sa. Tela ne fa, amma allurar asibiti ke sa shi gumi, kuma kullum shi ne jarumi."

Nas ta leƙo. "Ina matar tela? Ya farka. Ya ce a gaya miki ko gezau bai yi ba."

"Ƙarya yake, Mama!" Ta miƙe tana dariya, tana share hawaye.