Gonar da Aka Gina Otal a Kanta

Wani dattijo ne ya tsokano maganar, shi kuma ya sha kunya. A tasha ne, nan garin Lafiya, muna jiran keke-napep mai zuwa Kwandere ya cika.

"Ku yaran yanzu ba ku san tarihi ba, sai danna waya," ya ce wa saurayin gefensa. "Ina aka binne kakanka?"

"A gonarmu, Baba. Babana ya sayar da ita. Ku ke sayarwa, mu ake zagi. Naka uban fa?"

Dattijo ya sunkuyar da kai.

"Ni ma na sayar da tamu, ɗana, inda aka binne shi. Otal aka gina a kansa."

"Kana zuwa?"

"Bara na je yi masa addu'a. Mai gadi ya ce ko in kama ɗaki, ko in fita."