Motar ko Faɗuwar?

A bencin jira na ofishin haraji, wata ma'aikaciyar asibiti mai sayar da man shafawar kamfani bayan ta tashi aiki ta ga wani dattijo yana shan shayi. Ita kuwa ba ta iya ganin mutum a zaune ba ta yi masa talla ba.

"Baba, albashi kaɗai ba ya riƙe gida. Shigo ƙarƙashina, ka kawo mutum uku, kuɗi su riƙa nemanka kana barci."

"Ke suna nemanki?"

"Ni? Riba har ta ishe ni! Bana zan sayi mota."

"Masha Allah. To, me za ki gaya musu a ciki?"

Ta rage murya. "Faɗuwa mana. Wa zai sani?"

Dattijon ya shanye shayinsa, ya zaro makulli, ya buɗe ofishin, ya zauna bayan tebur.

"Bismillah, 'yata. Wanne zan rubuta, motar ko faɗuwar?"

"Baba, wallahi kayan suna nan jibge a ƙarƙashin gado. Ko yayata ta daina ɗaukar wayata."

"Shi ne kika ce in shigo?"

"Ai kai na sa rai za ka kwashe su."