Kududdufin Ƙungiyarmu Ya Iso Bangona

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Sule maɗinki daga Koki, kuma wallahi hankalina a tashe yake.

Shekarar da ruwan sama ya rushe gidaje a unguwarmu muka kafa ƙungiya, domin mu riƙa yi wa juna gayyar yaɓe kafin damina. Da aka rasa inda za a ɗebi ƙasa, na ce ga fili nan a bayan gidana. Ranar har addu'a dattawa suka yi mini.

To, Malam, tun daga nan kowace shekara sai an haƙa. Rami ya zama kududdufi, bana ya iso gindin bangona. Jiya bangon ɗakin da 'ya'yana ke kwana ya tsage, har hannuna yana shigewa.

Na garzaya wurin shugabanmu, Baba Iro. Ya ce, "Haƙuri, Sule. In ya faɗi, gayya za mu yi mu tayar maka."

Na ce, "Baba, in ya faɗi, a kan wa?"

Jama'a, ku ba ni shawara. Malam, don Allah kada ka jinkirta karanta wasiƙar nan, ga hadari can ya haɗo daga gabas.