Sawun da Mai Daɓe Bai Goge Ba

Da sunan Allah, Mai bayarwa, Mai karɓa a lokacin da Ya so.

Shugaban kamfaninmu da mataimakansa, shugabannin ƙungiyar masu ƙera wasannin kwamfuta, malamanmu da suka baro azuzuwansu suka zo, yayan marigayi wanda yanzu shi ne uba a gidan, maiɗakinsa, babbar ɗiyarsa da ƙannenta, abokan aiki, maƙwabta, da ku ɗaliban ranar Asabar da nake hangowa can baya a tsaye saboda kujeru sun ƙare, amincin Allah ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ni ne mai haɗa haske a wasannin da muke yi. An ce in yi magana da yawun abokan aiki saboda teburina ne ke manne da nasa tun muna da baƙin gashi. Na karɓa, amma ina da wani dalili nawa. Ranar da ɗiyarsa ta zo ofis kwashe kayansa ta yi mini wata tambaya da har yau ban amsa mata ba. Tambayar a kan aikinsa na ƙarshe ce. Abin da take son sani kuwa shi ne ko mahaifinta ya bar duniya yana riƙe da ita a rai. Ita ta ba ni izinin in amsa a gaban jama'a, ta ce ta gaji da ɓoyo. Kafin in amsa, dole ku san mutumin da kuma aikin.

Mai Daɓe muke ce masa, har wasunmu sun manta yana da wani suna. Yayansa ya taɓa ba mu labarin ranar da ya zaunar da shi ya ce, “Wai kai me kake yi a wurin nan ne?” Ya ce, “Ƙasa nake yi, Yaya.” Yayan ya dube shi ya ce, “Ƙasar da Allah Ya riga Ya yi?” To gaskiya ya faɗa. Duk ƙasar da ɗan wasa zai taka a cikin wasanninmu, da ciyawa, da yashi, da bango, da kwalta, daga hannunsa suke fitowa.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, abin haka yake. Injin wasa ba zai iya ɗaukar hoto mai girman fili guda ba. Sai a ɗauki ƙaramin hoton ƙasa, wanda bai wuce faɗin tabarma ba, a yi ta jera shi gefe da gefe kamar tayil har ya rufe filin. Matsalar ita ce idon ɗan Adam ba ya yafiya. In akwai ɗan dutse fari a hoton nan, zai fito a kowane taku, a jere, layi bayan layi har ƙarshen gani. Nan take ɗan wasa zai farka ya tuna cewa ƙarya ake yi masa. Rayuwar Mai Daɓe gaba ɗaya a yaƙi da wannan maimaicin ta ƙare.

Ya kasance yana goge duk wani tabo daga hoto kafin ya jera shi. Ya kasance yana daidaita hasken hoton, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu. Ya kasance yana jujjuya kowane yanki, ya cakuɗa shi da wani, ya shimfiɗa wata babbar inuwa a sama, ya yayyafa ƙura nan da can, har sai mahaɗar ta ɓace. Sannan ya tura kujerarsa baya har bakin ƙofa, ya kanne ido. Duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta wurin sai ya kama masa hannun riga. “Zo nan. Me ka gani?” In ka ce, “Ban ga komai ba, ciyawa ce kawai,” sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Mu masu haske ana rubuto mana yabo a kan faɗuwar rana. Shi kuwa babban yabonsa shi ne a taka aikinsa a wuce ba a lura ba.

Dokarsa ɗaya ce, kuma babu ɗalibinsa a ɗakin nan da bai haddace ta ba: duk abin da ido zai tuna, goge shi.

Ya kasance mai bayarwa. Hanyar cakuɗa hotuna da ya ƙirƙiro, wadda wani zai kulle ya ci abinci da ita har tsufa, shi a fili ya sake ta kyauta, kuma yau ana amfani da ita a wuraren da ba su taɓa jin labarinsa ba. Da masu horar da direbobin motar asibiti suka zo neman a gina musu titunan gwaji a kwamfuta, shi ya shimfiɗa musu kwaltar, da ramukanta da facinta, bai karɓi komai ba. Ya kasance duk Asabar yana buɗe ɗakin taronmu ga matasa, ya koyar da su har muryarsa ta dushe. Da yawa cikinku da kuke tsaye can baya, a kan kwamfutarsa kuka fara riƙe linzami.

Amma ba zan yi masa ƙarya ba, don in na yi, shi zai fara gano ta. Ya kasance mutum ne da bai iya yabo ba. Idon da ya horar don neman aibi ya ƙi tsayawa a ofis. Maiɗakinsa, ke shaida ce. Kin gaya mana an daina gayyatarku ganin sabon gida, saboda ana nuna masa falo shi yana duƙe yana nuna wa mai gida inda tayil ɗinsa ya karkace. Mun yi dariya a lokacin. Ni kaina na sha kai masa aikin da na zuba raina a ciki, ya duba ya ce, “Inuwar nan ta hagu fa?” Ka tsaya jiran sauran maganar, ashe ta ƙare. Mu mun saba, mun san in bai ce komai a kan sauran ba to sauran ya yi kyau. Yaro a gida ba ya karanta shirun uba haka.

Ɗiyarsa ta gaji hannunsa, sai dai ta bi wata hanya. Zanen yadi take yi, inda maimaici shi ne kyan abin. Yakan tsokane ta ya ce, “Uwata, abin da nake kashewa shi kike sayarwa.” Ranar da ta fara baje kolin zanenta mun je tare da shi. Ya sa riga mai kyau, ya yi ta duba agogo a mota don kada mu makara. Da muka shiga, ta taho da murnarta ta ja shi gaban babban yadin da ta fi alfahari da shi, ga masu saye a tsaitsaye. Ya ja da baya har jikin bango, ya kanne ido. Ina ganin haka na san abin da zai biyo baya. Ya ɗaga yatsa ya ce, “Mahaɗarki ta fito. Ga ta can, ga ta can kuma.” Gaskiya ya faɗa, mahaɗar ta fito. Ita kuwa ta ce, “Na gode, Baba,” ta juya.

Daga ranar magana tsakaninsu ta koma gaisuwa. Ta sami aiki a wani gari ta tafi. Ranar bajen kolin, a mota muna dawowa, na ce masa, “Kai wane irin mutum ne? Kira ta ka ce ya yi kyau.” Ya ce, “Ai ta san ya yi kyau.” Na sake yi masa maganar ba sau ɗaya ba, amsar ba ta canja ba. Taurin kai iri ɗaya ne da su, kowa yana jiran ɗaya ya fara, shekaru suka yi ta tafiya.

Sai ciwo ya zo, kuma ta ido ya fara shigarsa. Mun ga yana matso da fuskarsa kusa da allo, mutumin da aikinsa ja da baya ne. Daga baya ya koma aiki daga gida. Ya hana a gaya mata yadda jikin ya yi nisa, ya ce kada a ɗaga mata hankali tana tsakiyar aiki. Ranar da abin ya ƙwace aka kira ta. Tana hanya ya cika.

Aikin ƙarshe da ya turo mana daɓen siminti ne na wani babban fili a wasan da muke shirin fitarwa. Bayan rasuwarsa masu gwaji suka shiga filin, suka fito suka ce in zo in gani. Na je na duba. Sawun ƙafar yaro ne, ƙarami, an taka a ɗanyen siminti. Kuma da yake hoton jera shi ake yi, sawun ya cika filin, layi bayan layi, ko'ina ka juya. Kuskuren da ɗalibin makon farko ba zai yi ba, shi ne a aikin Mai Daɓe. Kowa ya sunkuyar da kai, aka ce ido ne, Allah sarki, bai gani ba.

Ana cikin haka ɗiyarsa ta zo kwashe kayansa, filin yana buɗe a allona. Ta tsaya a bayana ta daɗe. Ta ce, “Kawu, wannan tsakar gidanmu ce ta da.” Ashe gidan hayar da aka haife ta ne. An yi sabon siminti, tana koyon tafiya, ta kufce ta taka. Ranar da za su tashi ya ɗauki hoton wurin, mai gidan kuma ya daɗe da fasa daɓen ya sa tayil. Ta ce, “Ƙafata ce.” Sannan ta dube ni ta ce, “Da gangan ya bari, ko bai gani ba ne?”

Na so in ce da gangan ne, wallahi na so. Amma ban sani ba, kuma ba ɗiyar da za a rarrasa da ƙarya ba ce. Shugabanmu ya ce mata duk abin da iyali suka zaɓa shi za a yi. Ta share hawaye ta ce, “In kuskure ne, ba na so duniya ta ga kuskuren Baba. Ku goge.” Aka ɗora mini aikin.

Na yi ta ɗaga shi daga yau zuwa gobe. Da na zauna yi, na buɗe ainihin hoton da ya ɗauka, na ajiye shi gefen wanda ya gyara, kamar yadda ya koya mana.

'Yata, ɗago ki dube ni.

A ainihin hoton akwai tabon mai kusa da bango. Ya goge shi. Akwai inuwar igiyar shanya da ta ratsa ta tsakiya. Ya cire ta, ya daidaita hasken. Gefunan hoton ya haɗa su yadda na ja kujerata har bakin ƙofa ban ga mahaɗa ba. Sannan akwai wata tsaga a simintin, siririya kamar gashi, wadda ni mai lafiyar ido sai da na ƙara girman hoton na gan ta. Ta taso daga gefe ta zo ta ratsa ta ƙarƙashin diddigenki. Ya bi ta ya goge ta kaf, har cikin sawun, bai taɓa sawun ba. Mutumin da ya ga wannan tsagar ba zai kasa ganin ƙafar da ke kanta ba. Ya gani, 'yata. Ya zauna da idon da ke mutuwa ya share komai a tsakar gidan nan, ya zo kan ƙafarki ya ɗauke hannu.

Ba zan ce miki haƙuri yake ba ki ba, don bai faɗa ba, kuma ya tafi da abin da ke ransa. Da ya ɗaga waya ya furta kalma biyu da ya fi mana wannan duka, kuma ina jin haushinsa har yanzu da bai yi ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne wanda na sani a sana'ata. Na zauna kusa da shi tsawon rayuwar aikinmu, ban taɓa ganin ya bar wa ido abin tunawa ba sai wannan karon. Mai fushi da ke ba zai yi haka ba.

Ban goge ba. Kin ce in kuskure ne a goge, to ba kuskure ba ne. Shugabanmu ya yarda a jira. Filin yana nan yadda ya bar shi, maganar ta dawo hannunki, ki yanke ta lokacin da zuciyarki ta iya.

Maiɗakinsa, kin yi haƙuri da mutum mai wuyar sha'ani, kin yi jinyarsa ba ki taɓa ƙorafi a gabanmu ba, Allah Ya saka miki. Yaya, ga amana nan ta dawo wuyanka, kuma ƙofarmu a buɗe take gare ku. Ku sauran 'ya'yansa, ku riƙe yayarku, nauyin da take ɗauke da shi ya fi naku. Mun gode wa shugabanni, da malamai, da maƙwabtan da suka yi ta zirga-zirgar asibiti, da duk wanda ya bar uzurinsa ya zo.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka da alherinsa da gazawarsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka masa kabarinsa. Ka sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka sanyaya zuciyar matarsa da 'ya'yansa. Ka ba ɗiyarsa ikon yafe masa, Ka ba ta ikon yafe wa kanta. Mu da muka rage, Ka sassauta harsunanmu ga waɗanda muke ƙauna tun suna jinmu. Amin.